Kwaɗo Ake Bayarwa, Ba Makulli Ba

Tun makon jiya wani saƙo ke yawo a guruf ɗinmu na WhatsApp, na matasan Gwaram da Birnin Kudu masu koyon aikin kwamfuta. Ƙanena ya fara turo mini, sai wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Tarayya ta Dutse suka sake turowa. Wai darasi ne kan haɗa makullin SSH don shiga sabar daga nesa.

Akwai gaskiya a ciki: makulli ya fi kalmar sirri tsaro. Ai satar kalmomin sirri a Jami'ar Fasaha ta Helsinki ce ta sa Tatu Ylönen ya ƙirƙiro SSH a 1995. Batun da saƙon ya yi cewa sayen makullin ake yi kuwa ƙarya ce, manhajar ssh-keygen da ake haɗa shi da ita kyauta ce. Cewa sai kwamfuta mai tsada ma ƙarya ce, ko wayar Android mai Termux tana yi. Sauya ƙofar shiga daga lamba 22 yana rage masu ƙwanƙwasawa, amma ba ya hana ɓarawo.

Inda gizo ke saƙar shi ne layin ƙarshe: wai in ka haɗa, ka tura wa oganka fayiloli biyun da suka fito ya ɗora maka, ka kuma ajiye kwafi a guruf don kada su ɓata. Wanda ya rubuta wannan, ko rashin sani ne ko mugun nufi, ba zan yanke masa hukunci ba. Amma mai koyar da abin da bai iya ba ya ji tsoron Allah.

Fayil biyu ssh-keygen ke fitarwa. Mai ƙarewa da .pub, kamar id_ed25519.pub, shi ne kwaɗo. Ɗayan, id_ed25519, shi ne makulli. Kwaɗon ake kai wa sabar, a sa shi cikin authorized_keys, ko da hannu ko da ssh-copy-id. In ka zo shiga, sabar za ta nemi kwamfutarka ta sa hannu da makullin, ta duba sa hannun da kwaɗon. Makullin bai taɓa barin kwamfutarka ba. To, me oga zai yi da shi? Wa ya taɓa ganin mai shago a kasuwar Gwaram ya kulle shagonsa ya rataye makullin a bakin tasha?

Wani zai ce ai ya sa wa fayil ɗin kalmar sirri. Ya kyauta, amma duk wanda ya sauke shi daga guruf zai iya zama a ɗakinsa ya yi ta cankar kalmar, babu mai hana shi. Gajeriya ba ta daɗewa.

Ban ga laifin waɗanda suka tura makullinsu ba. An rene mu kan cewa in malami ya ce kawo, kawowa ake yi, kuma sunayen fayilolin kusan ɗaya ne. Sai dai goge fayil ɗin daga guruf ba zai dawo da abin da aka riga aka sauke ba.

Idan ka tura naka, ɗan'uwa, haɗa sabo yau. Ɗora sabon kwaɗon, ka gwada shiga da shi kafin ka rufe tagar da kake ciki, sannan ka goge layin tsohon daga authorized_keys, da GitHub in ka sa shi can. In oga ya sake tambaya, ba shi mai .pub. Idan ya san aikinsa, ba zai nemi ɗayan ba.