Gaisuwa da kunya a cikin kiran ƴan damfara ta wayar salula

0. Gabatarwa

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijar daga shekarar 2001. Amfaninta ba ɓoyayye ba ne: a cikin binciken da ta wallafa a 2010, Jenny Aker ta nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 waya ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin ƙasar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Amma hanyar da ɗan kasuwar Maraɗi ke bi ya ji farashin hatsi a Damagaram, ita ce ɗan damfara ke bi ya shiga gidan mutum ba tare da ya tsaya a zaure ba. A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba kiran damfara a matsayin zance mai tsari. Ra'ayinmu shi ne, babban makamin mai kiran yana cikin ka'idojin ladabi na Hausa, waɗanda yake juyawa su yi masa aiki.

1. Ire-iren kira

Ya kamata mu fara ware kiran da ke damun mutum kawai daga kiran da ke neman kuɗɗinsa. Bipe, wato a kira a katse tun ba a ɗauka ba, yawanci saƙo ne tsakanin waɗanda suka san juna: "ba ni da kuɗɗin waya, kira ni". Jonathan Donner ya bayyana ka'idojinsa a 2007, daga ciki har da cewa mai hali shi ke biyan kira. Akwai damfarar da ke sanya rigar bipe, wadda aka sani da sunan Japananci wangiri: wata lambar ƙasar waje ta kira sau ɗaya ta katse, wanda ya mayar da kiran sai a yi ta cin kuɗɗinsa a kan kowane minti. Duk lambar da ba ta fara da 227 ba, kuma ba mu da kowa a ƙasarta, ba ta cancanci a mayar mata da kira ba.

Sauran ire-iren duk da baki ake yin su. Akwai mai cewa an ci tambola, sai an biya kuɗɗin takardu kafin a karɓa. Akwai mai cewa ya turo kuɗɗi bisa kuskure, a taimaka a mayar masa, alhali saƙon da ya shigo na ƙarya ne. Akwai mai cewa shi ma'aikacin kamfanin waya ne, za a rufe layi in ba a faɗi lambar asiri ba. Akwai kuma mai zuwa a matsayin ɗan uwa da ke cikin wahala, wanda shi za mu fi tsayawa a kai.

2. Buɗe zance

Emanuel Schegloff ya nuna a 1979 cewa a farkon kiran waya mutane sun fi son a gane su ta murya da su faɗi sunansu. Wannan ya yi daidai da al'adarmu, inda tambayar "wane ne?" ga wanda ya gaishe ka da sakin fuska ke kama da wulaƙanci. Ga misalin da muka tsara don bayani:

A: Salamu alaikum. Baba, ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali?
B: Lafiya lau. Wa ke magana?
A: Haba Baba! Har ka manta muryata?
B: Ko Sani ne?
A: Shi ne, Baba. Wayata ce ta faɗi, ta wani na ara.

Abubuwa uku ne suka faru a nan. Kalmar "Baba" ta ɗora wa B matsayin uba tare da nauyinsa, kuma kalma ce da ta dace da kowane dattijo, saboda haka mai kiran bai yi kasadar komai ba. "Har ka manta muryata?" ta mayar da tambayar B laifi. Daga nan, don gudun kunya, B da bakinsa ya ba da sunan da A bai sani ba. A gidan da ke da ɗa a ci-rani, a Kano ko Abijan ko Libiya, baƙuwar lamba ba abin mamaki ba ce, kuma labarin haɗarin mota ko kamu a kan iyaka abu ne da ake zaune da tsoronsa.

3. Gaggawa da sirri

Bayan an samu suna, sai a kawo buƙata da sharuɗɗa biyu: yanzu-yanzu, kuma kada kowa ya ji. "Kada ka gaya wa Inna, hankalinta zai tashi." Anan ma wata ɗabi'a mai kyau ce aka ara, wato rufin asiri. Aikin sharaɗin shi ne raba mutum da waɗanda zai yi shawara da su, domin da ya tambayi mutum ɗaya a gida da ƙarya ta fito. Kirk-Greene, a cikin laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa kunya da karamci da amana a cikin halayen da Bahaushe ke yabo. Su ne ainihin ƙofofin da mai kiran ke ƙwanƙwasawa. Kunyar kuma ba ta ƙarewa da kiran: wanda aka cuta yakan yi shiru, don kada a ce wayo ya gaza masa.

4. Abin yi

A ɓangaren hukuma, an wajabta rijistar layukan waya, kuma a 2013 an rufe waɗanda ba a yi musu ba. Akwai dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, akwai kuma hukumar ARCEP mai sa ido kan kamfanonin sadarwa. Wanda aka cuta ya adana lambar da saƙonnin da takardar tura kuɗɗi, ya sanar da kamfanin, ya kai ƙara komisariya ko wurin jandarma. Sai dai doka takan iso ne bayan kuɗɗi sun tafi. Kariya ta farko tana cikin zancen kansa:

a) kada mu ba da suna; mai kira shi ke faɗin ko shi wane ne;
b) mu katse, mu kira mutumin ta lambar da muka sani, ko mu kira wani na kusa da shi;
c) lambar asiri ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake;
d) kafin mayar da kuɗɗin "kuskure", mu duba abin da ke cikin asusunmu;
e) duk buƙatar da ta haɗa gaggawa da sirri, mu gaya wa mutum na uku.

5. Kammalawa

Faɗakarwar da ke cewa "ku yi hattara" kawai ba ta isa ba, tunda dattijon da ke kan waya ya riga ya yi shakka. Abin da ya rasa shi ne maganar da zai fita da ita ba tare da ya ci mutuncin kowa ba. Harshen yana da irinta: "bari in yi shawara", "bari in kira ka", "sai wane ya dawo". Muna ganin aikin masana harshe ne su tattara irin waɗannan kalamai a karin harshen kowane yanki, su miƙa su ga gidajen rediyon karkara da malaman yaƙi da jahilci.