Akuya a Turke, Zogale a Bayan Ɗaki

    Gaisuwa ta musamman ga matan Dayi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Malumfashi da Ƙafur da Bakori da Funtuwa, domin zancenmu na yau a tsakar gidajenku yake. Za mu tattauna ne a kan 'yan dabbobin nan da muke kiwo a cikin gida, da ɗan lambun da muke yi a bayan ɗaki, da yadda za a zaunar da su wuri ɗaya lafiya.

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Malumfashi ta ratsa Dayi ta nufi Gwarzo har Kano a lokacin kaka, zai ga masara da dawa da auduga iya ganinsa. Wannan noman maza ne, kuma shi hukuma ta fi sani. Ko babban shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, gonakin waje ya fi mayar wa da hankali, wato taki da iri da hanyoyi. To amma akwai wata gonar da mai wucewa ba ya gani, sai wanda ya wuce zaure ya shiga ciki. Nan za ki tarar da zogale da rama da yakuwa da kuɓewa, ga kabewa ta hau danga, ga akuya a turke, ga kaza da 'yan tsakinta. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, littafinta ya fito a 1972, ta lura cewa yawancin awaki da tumakin garin na mata ne. Mu ai ba sai an gaya mana ba, da shi muka tashi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, dabbar nan ban da dukiya, abokiyar zama ce. Ki duba lokacin hantsi. Maigida ya tafi gona ko kasuwa, yara sun tafi makaranta, gida ya yi tsit. Kina tsugune kina cire ciyawa a gindin alayyahu, kaza na biye da ke tana tsince tsutsar da kika tono, ɗan akuya ya zo yana jan bakin zanenki. Sai ki ji kina yi masa faɗa kamar yaro, shi kuma yana amsawa. Amaryar da aka kawo daga wani gari, ba uwa kusa ba ƙawa, ita ta san daɗin wannan. Haka tsohuwar da 'ya'ya suka watse suka bar ta. Kada wata ta ji kunya don ta raɗa wa akuyarta suna, ko don tana hira da ita. Masu bincike a Kambirij ta ƙasar Ingila sun nuna a 2001 cewa tunkiya na iya riƙe fuskokin 'yan'uwanta har 50 ta tuna su bayan shekara biyu. A 2018 kuma wasu masanan a Landan suka gano awaki sun fi kusantar hoton fuskar mutum mai fara'a a kan mai ɗaure fuska. Kin ga ashe da kika ce akuyarki ta san ki, ba ki yi ƙarya ba.

Addininmu ma bai raina wannan shaƙuwa ba. Malamai sun karantar da mu labarin ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da ake kira Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, har Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, yakan tambaye shi labarin tsuntsun. Sun kuma karantar da mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. To, 'yar'uwa, dabbar da ke ɗaure a turkenki ba ta da wata hanya sai ke. Ruwanta da cinta da inuwarta duk amana ce a wuyanki. Kuma akuya da tunkiya dabbobin garke ne, in guda ɗaya ce tak za ta yini tana kuka. In da hali ki haɗa ta da 'yar'uwa, ko da ta kiwo ce aka ba ki.

Yanzu bari mu ga yadda lambu da turke suke ciyar da juna. Abin da kika cire daga lambu, ciyawa ce ko ganyen da ya tsufa ko ɓawon kabewa, abincin akuya da zomo ne. Dusar da kika samu a surfe, da ƙasari, da kowar wake, da harawar da maigida ya kawo daga gona, duk na turke ne. Ita kuma dabba sai ta biya ki da taki. Sai dai akwai ƙa'ida. Kashin kaji yana da zafi, in kika zuba shi ɗanye a gindin tumatir zai ƙone shi. Ki haƙa ɗan rami a lungu, ki riƙa zuba sharar turke da ta akurki da busasshen ganye, kina yayyafa ruwa kina juyawa, bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya daina wari, sannan ki kai lambu. Kashin zomo shi ne mai sanyi, ba ya ƙona shuka kamar na kaji. A wannan zamani da buhun takin zamani ya gagari talaka, wadda ke da awaki uku da kaji goma ba ta rasa abin da za ta ba lambunta.

Amma fa sai an raba musu iyaka. Akuya ba ta san alkunya ba, zogalen da kika yi wata uku kina raino za ta gama da shi kafin ki idar da sallar la'asar. Kaza kuma tono ne sana'arta, ba ta bambanta juji da inda kika yafa irin lalo. Saboda haka ki sa yara su kewaye lambun da dangar kara mai ƙarfi, ƙasanta a matse yadda ɗan tsako ba zai kutsa ba, turke kuma ya yi nisa da dangar fiye da tsawon igiya. Kada a saki kaji cikin lambu sai shuka ta yi ƙwari, ko bayan an gama girbi, su tsince ƙwari su bar miki taki. Wannan danga ita ce maganin rabin rigimar gidan yawa. Sau nawa aka yi gaba tsakanin kishiyoyi ko faccaloli a kan akuyar wance ta ci shanyar wance? In dabbarki ta yi ɓarna, kada ki tsaya kare ta, ki ba da haƙuri ki biya. Zaman lafiya da abokiyar zama ya fi mudun masara.

Wace dabba ce ta dace da ke? Ya danganta da faɗin gidanki. Jar akuyar nan tamu, wadda ake kira ta Sakkwato, a Nijar kuma ta Maraɗi, tana ɗaukar ciki wata biyar, tana yawan haifar tagwaye, in ta samu kulawa takan haihu sau uku a shekara biyu. Kaza na ƙyanƙyasa a kwana 21, ƙwan zabi kuwa yakan kai kwana 28, shi ya sa iyayenmu ke sa wa kaza shi ta kwanta, don zabuwa ba ta iya reno ba. Agwagwa takan yi kamar kwana 35, ga ta da jure cuta, sai dai tana ɓata wuri. Tantabara ƙwai biyu take yi, ba ta kai kwana 20 ta ƙyanƙyashe. Wadda gidanta ya matse, zomo ya fi mata: cikinsa wata ɗaya ne, ba shi da kuka, ganye da dusa sun ishe shi. A dai sa shi a inuwa don ba ya son zafi, kuma a hana yara ɗaga shi ta kunne.

Sai abubuwan da ke kashe mana dabbobi muna kallo. Na farko leda. Akuya na haɗiye ledar da ta ji gishiri ko mai, ta taru a tumbinta, ki ga tana ci amma tana ramewa har ta mutu, sai an feɗe a ga dunƙulen leda. Ki sa ido a kan shara. Na biyu, kada a tura wa akuya ko rago hatsi ko ragowar tuwo mai yawa lokaci ɗaya, yana kumbura ciki ya kashe. Na uku gyauron dawa ɗanye, wanda ya tofo bayan girbi, yana da guba, ki gargaɗi yaran da ke yi miki yankan ciyawa. Angurya da muke da ita a wannan yanki na auduga tana gina rago in an ba shi kaɗan-kaɗan, amma ba abincin kaji da zomaye ba ce. Maganin feshi da na ɓera kuwa a nesanta su da turke da akurki, da yara ma baki ɗaya.

Cuta biyu ce ta fi yi mana ɓarna. Akwai annobar kajin nan mai zuwa da hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasil, ki ga kaza na gyangyaɗi, tana koren zawo, wuya ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama wayam. Ba ta da magani in ta kama, amma tana da rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin wanda ake ɗiga wa kaza a ido, ana maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu. Ta biyu ita ce ta awaki da tumaki da ake kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da gudawa. Ita allura ɗaya tana kare dabba har shekara uku. Kwalbar maganin ta dabbobi da yawa ce, don haka ku haɗa kai da matan maƙwabta, ku roƙi maigida ko babban yaro ya nemo malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, a yi wa na unguwa gaba ɗaya rana guda. Ba a fafe gora ranar tafiya, a yi tun kafin sanyi ya shigo. Duk dabbar da aka sayo daga kasuwa ko aka kawo kyauta, a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida.

Son dabba kuma kada ya sa mu manta da lafiyarmu. Kaji su kwana a akurki, ban da ƙarƙashin gado. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 ake jan kunnenmu: kazar da ta mutu da kanta ko take magagin mutuwa, kada a yi saurin yankawa a kai tukunya, a binne ta da zurfi. A share kashin kaji kafin a ajiye mai rarrafe a ƙasa, domin abin da ya tsinta baki yake kaiwa, daga nan sai gudawa. Nonon akuya a tafasa shi kafin a sha. In akuya ta yi ɓari, mai juna biyu kada ta taɓa ɗan ko mabiyiyar, wani ya sa leda a hannu ya binne. A wanke hannu da sabulu bayan sharar turke.

Akwai maganar da ba zan rufe shirin nan ban yi ta ba. Akuyar da kika saya da kuɗin ƙuli-ƙulinki, ko aka ba ki a gidanku, taki ce. Musulunci ya ba mace ikon dukiyarta, ba ya halatta a kama dabbarta a kai kasuwa ba da yardarta ba. In maigida ya shiga matsi kika ga ya dace ki taimaka, wannan alheri ne, Allah ya ba da lada. Amma a faɗa a fili, kyauta ce ko rance, tun kafin akuya ta fita zaure. Haka in za ki ba da kiwo ko ki karɓa, a yi magana gaban shaida: haihuwar fari ta wa, ta biyu ta wa, in ta mutu yaya za a yi. Rashin faɗar wannan ya raba zumunci da yawa. Iyayenmu maza da ke saurare, don Allah a riƙa neman izini.

Daga ƙarshe, Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Ranar za ta zo da za a kai ragon da kika yi wata shida kina shafa wa kai kasuwar Babbar Sallah, ko a sayar da akuya don kuɗin asibiti ko kayan ɗakin 'yarki. Za ki ji ba daɗi, wata har ƙwalla take yi, kuma ba laifi ba ne. Ki shirya wa ranar tun da wuri. Ki gaya wa yara tun farko cewa wannan na layya ne, wancan na sayarwa ne, kada abin ya zo musu ba zato. In yanka ne, a wasa wuƙa nesa da idon dabbar, kada a yanka wata a gaban wata. Sannan ki yi ƙoƙari kada ki sayar da uwar garke, ki bar 'yar mace ɗaya a turke, don gobe ma ki samu mai amsa miki in kin fito da kwanon dusa.

To jama'a, nan za mu dakata saboda lokaci. Wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba. Allah ya sa albarka a turakunmu da lambunanmu, ya raya mana zuri'a, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya, wassalamu alaikum.