Lafiyar Garke Ita Ce Lafiyar Gida

A fadamar Zauro da ke gaɓar Gulbin Rima, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, manomin shinkafa da makiyayi da masunci ruwa ɗaya suke shiga. Inda mutum da dabba suka yi irin wannan cuɗanya, cuta ba ta wahalar samun hanya. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na cututtuka masu yaɗuwa da ke kama ɗan Adam daga dabbobi suke fitowa.

Ciwon saifa ya ishe mu misali. A watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullarsa a wata gona da ke Suleja, a Jihar Neja maƙwabciyar Jihar Kebbi. Saniyar da ta kamu kan faɗi ba zato, jini mai duhu na fita ta hanci da baki, ba ya daskarewa. Da an ga haka sai a yi maza a sa mata wuƙa don kada ta zama mushe, a sayar da naman da araha. Nan ake janyo masifa: mahaucin da ya feɗe ta, da majemin da ya karɓi fatar, da uwargidan da ta wanke naman, kowa na iya kamuwa. Jinin da ya zuba kuma yakan bar ƙwayar cutar cikin ƙasa shekara da shekaru, har ambaliya ta tono ta, ta watsa a makiyaya.

Shi ya sa aikin yaƙar cutar ya fi ƙarfin ma'aikaci ɗaya. Likitan asibiti da ya ga gyambo mai baƙin ɓawo a hannun mahauci, wajibi ne ya sanar da likitan dabbobi a bi sawun garken a yi masa allura, duba-gari kuma ya tsaya a kan binne gawar cikin rami mai zurfi, nesa da ruwa. Don haɗa waɗannan hannuwa ne ma'aikatun lafiya da noma da muhalli na tarayya suka ƙaddamar da tsarin aiki na bai ɗaya a 2019. Allurar rigakafin ciwon saifa kuwa, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana yin ta.

Sai dai labari daga ruga da mahauta yake fara tashi. Jama'a, dabbar da ta faɗi haka kawai kada a yanka, kada a feɗe. A kai rahoto ofishin likitan dabbobi mafi kusa, domin asarar saniya ɗaya ta fi sauƙi a kan asarar rai.