Bin Salsalar Shafukan Intanet da Aka Taskance Domin Nazarin Harshe

1.0 Gabatarwa

Manazarcin harshe a yau yakan tara rubutun Hausa daga intanet ya ajiye a kwamfuta, domin ya yi nazari ko da babu sadarwa. Wannan maƙala za ta bayyana yadda manhajojin taskancewa ke aiki, da abin da ya wajaba su riƙa rubutawa game da kowane shafi.

2.0 Yadda Ake Kwaso Shafuka

Manhajoji irin su Wget (1996) da HTTrack (1998) da WWWOFFLE sukan fara daga shafi guda, su bi duk mahaɗan da ke cikinsa, sannan su bi na shafukan da suka samo, hawa-hawa. Wget takan tsaya a hawa na 5 sai in an umarce ta da wani abu dabam. Idan kowane shafi yana da mahaɗai 20, hawa na uku kaɗai zai iya kai wa shafuka 8,000.

3.0 Matsalar

Labari ɗaya kan zo da adireshi biyu ko uku, sai a ƙirga kalmominsa sau uku. Haka kuma shafin Turanci kan kutso cikin na Hausa, ko a rasa ranar da aka kwaso shi. Ga mai nazari a Minna da ke tara rubutun Nufanci ko Gwaranci, illar ta fi tsanani, domin rubutun kaɗan ne, maimaici ƙalilan ya isa ya karkatar da ƙididdiga.

4.0 Gyara

Ya kamata manhaja ta rubuta wa kowane shafi salsalarsa: shafin da ya kai ta gare shi, da hawan da aka same shi, da ranar kwasowa, da wata lamba da ake lissafowa daga ƙunshiyarsa, wadda ke tona maimaici. Tsarin ajiya na WARC, wanda ya zama ƙa'idar duniya a 2009, ya tanadi gurbin adireshi da rana da wannan lamba, kuma Wget ta karɓe shi a 2012.

5.0 Kammalawa

Saboda haka, duk wanda ya kafa hujja da misalin da ya ciro daga intanet, wajibi ne ya iya nuna inda ya samo shi da ranar da ya samo shi, kamar yadda mai aikin fage ke ambaton gari da ranar hira.