Tramol: duka ba ya raba yaro da ita, magani ke rabawa

Duk mai cin kasuwar Tawa ranar Lahadi ya san Tramol. Ɗan dako na haɗiyarta don ya ɗauki buhu, ɗan kabu-kabu na jefa ta cikin kofi don ya wuni bisa babur. A Afala da sauran garuruwan Adar, inda samari ke tafiya ci-rani Abijan ko Libiya, wasu da ita suke komowa gida maimakon jari.

Asalinta maganin ciwo ce, dangin hodar heroyin da kodin. Likita kan rubuta mai miligiram 50 ko 100, amma a tiren ƴan talla har mai 225 ake samu. Yawanta na kawo farfaɗiya. In jiki ya saba da ita, ranar da aka rasa sai zufa, zawo, ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Shi ya sa yaro zai rantse ya bari, bayan kwana uku ya koma. Mu kuwa sai mu ɗauko bulala, ko mu ɗaure shi a ɗaki.

Likitoci na da wata hanya. Wani a rage masa ƙwayar sannu-sannu. Wanda abin ya ci ƙarfinsa, akwai maganin da ake kira metadon. Kowace safiya maras lafiya zai zo asibiti ya sha awonsa gaban malamin lafiya. Awo ɗaya na riƙe shi yini da kwana, ba maye, ba ƙishirwar ƙwaya, sai ya koma sana'arsa. Ana yin watanni, har shekaru ana sha. Tun 2005 hukumar lafiya ta duniya OMS ta sa shi cikin muhimman magunguna, kuma Senegal ta soma bayar da shi a 2015 a cibiyar CEPIAD ta asibitin Fann a Dakar.

Sai dai a kiyaye: metadon ba na tire ba ne. Wanda ya sha shi ba awon likita, ko ya gama shi da giya ko maganin barci, numfashinsa na iya tsayawa.

To iyaye mata, in kun ga kuɗin ciniki na ɓacewa, yaro na rawar jiki da safe, ku kai shi likita tun da wuri. Ƴan kasuwa kuma, ribar ƙwayar nan ɗan maƙwabci ke biyanta da lafiyarsa. Allah ya shirya mana zuri'a.