AWO BA TARE DA TAƁAWA BA: Bayani Game da Na'urorin Auna Zafi da Nisa

GABATARWA

Tun daga shekarar 2014 jama'ar ƙasar nan suka fara sabawa da wata 'yar na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, wadda akan nuna wa mutum a goshi a ƙofar asibiti, ko banki, ko makaranta, ko filin jirgin sama. Haka kuma duk mai hulɗa da magina ko ma'aikatan safiyo ya sha ganin wata na'urar da ake girkawa bisa ƙafafu 3, a leƙa ta ciki, nan take a faɗi nisan wuri ba tare da an ja igiya ba. Waɗansu suna tsoron waɗannan na'urori, waɗansu kuwa sun ba su gaskiya fiye da kima. Duka biyun rashin sani ne ya kawo su, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a yadda na'urorin suke aiki, da amfaninsu, da kuma iyakar abin da za su iya yi.

1. ZAFI YANA DA HASKEN DA IDO BA YA GANI

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san cewa maƙeri ba ya taɓa ƙarfe kafin ya san ya gasu. Launinsa yake dubawa. Ƙarfe yakan fara yin ja-ja-ja, sa'an nan ya yi ja wur, in an ci gaba da zuga ya koma ruwan ɗorawa, har ya doshi fari. To, tun kafin ƙarfen ya yi ja, in ka kai hannunka kusa da shi za ka ji hucinsa. Wannan huci shi ma wani irin haske ne, sai dai idon ɗan Adam ba ya ganinsa.

Wani masanin taurari mai suna William Herschel ne ya gano haka a Ingila cikin shekarar 1800. Ya ratsa hasken rana ta cikin wani gilashi mai kusurwa 3, hasken ya rarrabu launi-launi kamar bakan gizo. Ya riƙa ajiye ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya ajiye shi gaba da launin ja, inda ba a ganin kome, sai ya ga zafin ya ƙaru. Daga nan aka tabbata akwai ɓoyayyen haske a bayan ja.

Kowane abu yana fitar da wannan ɓoyayyen haske: mutum, da dabba, da bango, da tukunya, har ma da ƙanƙara. Gwargwadon zafin abu, gwargwadon yawan hasken da yake fitarwa. A bakin na'urar auna zafi akwai ɗan gilashi mai tattara wannan haske ya kai shi kan wani ɗan ƙanƙanin abu da ke mayar da shi wutar lantarki. Na'urar sai ta lissafa ƙarfin wutar, ta rubuta shi a matsayin digiri. Duk wannan ba ya wuce daƙiƙa 1 ko 2.

Daga nan mai karatu zai gane cewa na'urar karɓa take yi daga jikin mutum. Ba ta aika kome cikin kansa. Jita-jitar da ta bazu a shekarar 2020, wai tana lalata ƙwaƙwalwa ko tana kawo ciwon daji, ba ta da tushe ko kaɗan. Ɗan jan ɗigon da waɗansu suke haskawa kuwa na saiti ne kawai, don mai awo ya san inda ya nufa. Abin kiyayewa game da shi ɗaya ne, watau kada a haska shi cikin ido.

2. AMFANINTA A LOKACIN ANNOBA

A ranar 20 ga watan Yuli 2014 wani matafiyi daga ƙasar Laberiya ya sauka a Legas yana ɗauke da cutar Ebola. Mutum 20 suka kamu a Nijeriya, 8 suka rasu, cikinsu har da Dokta Stella Adadevoh, likitar da ta hana mutumin barin asibiti. Da yake cutar tana yaɗuwa ta hanyar taɓa jini ko gumi ko sauran ruwan jikin majiyyaci, sai aka bukaci hanyar gano mai zazzaɓi ba tare da an taɓa shi ba. Aka shiga auna matafiya a filayen jiragen sama da tashoshin jiragen ruwa da kan iyakoki, makarantu da yawa kuma suka tanadi na'urar. A ranar 20 ga watan Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta kau daga Nijeriya.

Na'urar ta sake bazuwa bayan da aka sami mutum na farko mai cutar korona a ƙasar nan ranar 27 ga watan Fabrairu 2020. Jihar Bauchi tana cikin jihohin Arewa da cutar ta fara ɓulla, har Gwamna Bala Mohammed ya kamu cikin watan Maris na shekarar, daga bisani ya warke. A wancan lokaci da wuya a shiga ofis ko banki a garin Bauchi ba a nuna wa mutum na'ura a goshi ba.

Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas. In ya kai 38 ko ya wuce, to, akwai zazzaɓi. Amma lalle jama'a su lura da abubuwa 3:

(a) Na'urar ba ta faɗin sunan cuta. Zazzaɓin cizon sauro, da taifot, da zazzaɓin Lassa wanda yakan addabi Jihar Bauchi musamman da rani, duk suna ɗaga zafin jiki. Gwajin jini a asibiti ne kaɗai zai bambanta su.

(b) Rashin zazzaɓi ba shaidar lafiya ba ne. Ebola takan yi kwana 2 zuwa 21 a jiki kafin ta bayyana, kuma mutane da yawa sun ɗauki korona ba su yi zazzaɓi ba sam. Wanda ya sha farasitamol shi ma zafin jikinsa zai sauka alhali cutar tana nan.

(c) Fatar goshi take aunawa. Wanda ya taho daga Kasuwar Wunti a kan babur da sanyin asubahin hunturu, goshinsa zai nuna ƙasa da gaskiya. Wanda kuwa ya sha ranar watan Afrilu, lokacin da zafi kan kusanci digiri 40, nasa zai nuna sama da gaskiya.

3. ƘA'IDOJIN AUNA ZAFIN JIKI

Ana kira ga ma'aikatan lafiya, da malaman makaranta, da masu gadi, da iyaye, su kiyaye waɗannan ƙa'idoji:

(i) A bar mutum ya huta a inuwa kamar minti 10 kafin a auna shi.

(ii) A share gumi, a ɗage hula ko ɗankwali ko gashi daga goshi.

(iii) A riƙe na'urar daidai nisan da aka rubuta a takardarta. Galibi santimita 3 zuwa 5 ne, watau kimanin fāɗin yatsu 2 ko 3.

(iv) A tabbata an saita ta a kan awon jikin mutum, domin da yawa daga cikinsu suna da wani saitin dabam na auna ruwa ko abinci.

(v) A riƙa goge gilashinta da tsumma mai laushi, musamman lokacin ƙura, a kuma canza batir in ya yi sanyi.

(vi) In ta nuna 38 ko fiye, a sake aunawa bayan ɗan lokaci. In bai sauka ba, a tura mutumin asibiti cikin mutunci, ba tare da tozarta shi gaban jama'a ba.

(vii) Kada a auna mutum da na'urar da aka yi domin masana'anta. Kuskurenta yakan kai digiri 1 ko 2, wanda ba kome ba ne a jikin inji, amma a jikin jariri babban abu ne.

4. AMFANINTA A MASANA'ANTU

Tun kafin ta shiga asibiti, wannan dabara ta daɗe tana aiki a masana'antu. A kamfanin siminti irin na Ashaka, wanda ya fara aiki a 1979 cikin tsohuwar Jihar Bauchi kafin a ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996, ana gasa farar ƙasa ne a zafin da ya kai wajen digiri 1,450. Babu hannun da zai kusanci irin wannan wuta, don haka daga nesa ake auna ta. Ma'aikatan lantarki su ma sukan nuna na'urar ga taransifoma ko mahaɗar waya, su gano inda ya ɗau zafi kafin gobara ta tashi. Haka nan makanikai da masu gidan burodi da masu kiwon kaji.

A nan ma akwai abin lura. Ƙarfe mai ƙyalli, kamar sabon kwanon rufi ko tukunyar alminiyam, yakan ruɗi na'urar ta nuna ƙasa da ainihin zafinsa. Ba ta kuma auna abin da ke bayan gilashi, zafin gilashin take faɗa. Sa'an nan gwargwadon nisanka da abu, gwargwadon fāɗin wurin da take haɗawa ta auna, don haka ƙaramin abu sai a matsa kusa da shi.

5. YADDA HASKE YAKE AUNA NISA

Yaran da suka tashi kusa da duwatsu, irin su Zaranda a kan hanyar Jos, sun san amsa-kuwwa. Murya tana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa 1. In ka yi kira, muryarka ta dawo bayan daƙiƙa 2, to, ta yi daƙiƙa 1 a zuwa, 1 a dawowa, ke nan tsakaninka da dutsen mita 340 ne.

Na'urar auna nisa wannan lissafi take yi, amma da haske. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa 1. Na'urar takan harba wani siririn haske da ake kira leza, wanda aka fara ƙera shi a Amurka a 1960, ya bugi bango ya dawo. In bangon yana da nisan mita 15, zuwa da dawowa mita 30 ke nan, haske kuwa zai gama su cikin kashi 1 bisa miliyan 10 na daƙiƙa. Waɗansu na'urorin wannan ɗan lokaci suke ƙirgawa kai tsaye, waɗansu kuma sukan kwatanta kaɗawar hasken da ya fita da ta wanda ya dawo. Ta kowace hanya, ƙaramar ta hannu takan auna ɗaki ko fili da kuskuren da bai wuce milimita kaɗan ba.

Da wannan dabara aka auna nisan wata. A 1969 'yan sama jannatin Apollo 11 suka ajiye wani madubi na musamman a kan wata. Masana sukan harba masa leza daga ƙasa, hasken ya dawo cikin kimanin daƙiƙa 2 da rabi. Matsakaicin nisan wata daga duniya kilomita 384,400 ne.

6. AWON FILAYE DA GONAKI

Lokacin da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta iso Bauchi a 1961, ta zarce Maiduguri a 1964, yawancin aikin safiyo da sarƙa da tef da madubin auna kusurwa ake yinsa, ma'aikata suna ratsa daji da ƙafa. Yanzu na'urar nan mai ƙafafu 3 ta haɗa awon kusurwa da na nisa wuri guda. Mutum ɗaya yakan tsaya a bakin iyaka riƙe da sanda mai madubi, na'urar ta harba masa haske, ta rubuta nisa, ko da akwai rafi ko kwazazzabo a tsakani. Ana koyar da wannan aiki a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi.

Wannan ya shafi kowane magidanci, domin rikicin iyaka yana cikin abubuwan da suka fi raba zumunci da cika kotuna. Fulotin da aka saba yankawa, mai ƙafa 50 da ƙafa 100, kimanin mita 15 ne da mita 30. Mai sayen fili yana iya gwada shi da 'yar na'urar hannu don ya kwantar da hankalinsa. Amma fa wannan awo nasa ba hujja ba ne a gaban hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, kuma daga gare shi ake samun takardar shaidar mallakar filin birni. Taswirar da ake karɓa wajen neman takardar ita ce wadda ma'aikacin safiyo mai rajista ya sa wa hannu, hukumar da ke yi musu rajista kuwa an kafa ta ne a 1989. Saboda haka a nemi ganin shaidar rajistar mai awo kafin a biya shi, a kuma gayyato maƙwabta da mai unguwa ranar da za a kafa turakun siminti na iyaka. Tumɓuke waɗannan turaku laifi ne.

Mai amfani da na'urar hannu ya sani cewa tsananin rana yakan dushe ɗigon leza, ƙurar hunturu da hazo sukan rage nisan da yake kaiwa, ruwa da gilashi kuma sukan ruɗe shi. An fi samun awo mai kyau da safe ko da yamma, a kan bango ko allo mai haske. Kada a bar wa yara ita su yi wasa, kada kuma a haska ta ga idon mutum, ko dabba, ko direba, ko jirgin sama.

KAMMALAWA

Jama'a, waɗannan na'urori kayan aiki ne kamar mudu da sikeli, amincinsu yana tare da amincin mai riƙe da su. Duk wanda aka nemi a auna zafin jikinsa ya ba da haɗin kai, domin rigakafi ya fi magani. Wanda aka sami zazzaɓi a jikinsa ya garzaya asibiti mafi kusa a gwada jininsa. Mai sayen fili kuma ya nemi ma'aikacin safiyo mai rajista. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi, ana roƙonsa ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa waɗanda ba su sami damar karantawa ba.