Ma'aikatan Kamfanoni da Ƙananan Ƙungiyoyin Mata: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Tun zamanin dā mata suna haɗa kai don taimakon juna, ko ta adashi ko ta gudummawar biki. Daga baya aka kafa manyan ƙungiyoyi, kamar Jam'iyyar Matan Arewa a 1963, da FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985. Amma yawancin ƙungiyoyin da ke cikin gundumomi ƙanana ne. Matan sukan yi ƙuli-ƙuli, ko sabulu, ko saƙa, su sayar don su ciyar da marayu. Sau da yawa rashin lissafi ne ke karya su, alhali kuwa suna da himma da amana.

Wane irin taimako ne?

Waɗansu kamfanoni da bankuna sukan sallami ma'aikatansu na 'yan kwanaki, albashinsu na tafiya, su je su taimaki irin waɗannan ƙungiyoyi kyauta. Abin da suke kawowa sani ne. Akawu ko ma'aji yakan zauna da shugabannin mata su rubuta tsarin sana'a, watau takarda mai amsa tambayoyi huɗu: me za a sayar, wa zai saya, nawa za a kashe, nawa zai rage.

Ga misali. A ce ƙungiya ta sayi gyaɗa ta naira 10,000, ta sayar da mai da ƙuli-ƙuli naira 13,000. Matan za su ce sun ci ribar 3,000. Amma in aka fid da kuɗin niƙa 1,000, da itace 1,000, da kuɗin mota 500, sai a ga 500 kaɗai ta rage, ba a ma sa ladan aiki ba. To, in suka raba wa marayu 3,000, sun ci 2,500 daga uwar kuɗi ba su sani ba. Bayan 'yan kasuwanni kaɗan jari ya ƙare, marayu su rasa, a shiga zargin juna.

Saboda haka mai taimako yakan koya musu ajiye littattafai biyu, na sadaka dabam, na jari dabam. Yakan kuma nuna musu hanyar rajista, ko dai a Hukumar Rajistar Kamfanoni bisa Dokar Kamfanoni ta 2020, ko a ofishin jam'iyyun gama kai na jiha, domin banki yakan nemi takardar rajista kafin ya buɗe ajiya da sunan ƙungiya.

Abin da ake roƙon Hakimai

1. Duk baƙon da ya zo da sunan taimako, a nemi ya nuna takarda daga kamfaninsa, Malamin Hakimi ya rubuta sunansa da ranar zuwansa.

2. Kada mai taimako ya karɓi ko kwabo, kada kuma ya riƙe kuɗin ƙungiya. Wanda ya nemi kuɗin fom ko na rajista a hannunsa, a kai maganarsa gaba.

3. Kada a fid da kuɗi daga banki sai da sa hannun mata biyu.

4. A yi zama da sanin mazan aure da masu unguwa. Inda ake kulle, a roƙi kamfani ya aiko mace.

5. A rubuta tsarin da Hausa, da boko ko da ajami, a karanta wa dukan 'yan ƙungiya. Shawara ta baƙo ce, yanke magana na matan ne.

Mai taimako zai koma ofishinsa, littattafai kuwa suna nan. Don haka ya kamata kafin ya tafi a sami mace ɗaya ko biyu da suka iya riƙe su. Bayan wata uku Malamin Hakimi ya duba, in matan sun yarda, ya ga ko ana rubuta shiga da fita kowace kasuwa. Allah ya sa mu dace, amin.